Scrabble ba malamin Turanci ba ne

A watan Yulin 2015, a garin Louvain-la-Neuve na ƙasar Beljiyam, wani mutumin Niyu Zilan mai suna Nigel Richards ya lashe gasar duniya ta wasan Scrabble a harshen Faransanci, alhali ba ya jin Faransanci. Ko godiyar da zai yi wa 'yan kallo sai da tafinta. Ƙamus ɗin wasan ya ɗauka ya haddace cikin kusan mako tara, ya zo ya kayar da 'yan asalin harshen a gabansu. A 2024 ya sake yin haka da Sifaniyanci a birnin Granada.

Wannan labari ya kamata ya tsaya a ran iyayen da ke sayen allon Scrabble don yaro ya iya Turanci, da makarantun kuɗi da ke jera wasan cikin abubuwan da suke tallata kansu da su. Wasan yana da amfani, amma ba irin wanda ake jingina masa ba.

Asalinsa ma lissafi ne. Alfred Butts, mai zanen gine-gine a Amurka da ya rasa aiki a shekarun 1930, shi ya zauna yana ƙirga yawan fitowar kowane harafi a shafukan jarida, ya raba maki bisa ga haka. Harafin E, da ke ko'ina, guda 12 ne a cikin ƙwayoyi 100 kuma maki ɗaya kacal yake ci. Q da Z guda ɗai-ɗai ne, kowanne maki 10. A 1948 James Brunot ya raɗa wa wasan sunan da aka san shi da shi yau. Allon gida 225 ne, kowane ɗan wasa na riƙe da haruffa bakwai, wanda ya zuba su duka a lokaci guda ya samu ƙarin maki 50. Babu inda doka ta ce sai ka faɗi ma'anar abin da ka rubuta. Abin tambaya ɗaya ne: kalmar tana cikin littafi ko ba ta ciki?

Littafin kuwa, wato jerin kalmomin Collins da ake gasa da shi a Najeriya da yawancin ƙasashe, ya ƙunshi kalmomi sama da 270,000. Waɗanda gwanaye suka fi ji da su ƙanana ne masu haruffa biyu, su ɗari da 'yan kai. QI ta fito daga Sinanci, kuma ita ce mafitar wanda Q ta maƙale masa babu U. XU ƙaramin kuɗin Biyetnam ne. AA wani irin dutse ne mai kaushi da aman wuta ke bari, daga harshen mutanen Hawayi. ZA guntun sunan wani abinci ne na Italiya. Yaron da ya saka ɗaya daga cikinsu a takardar insha'in WAEC, mai duba takarda ja zai sa masa. Naira da kobo ma suna cikin jerin, ga masu son jin daɗin hakan.

Najeriya ta san wannan sirri tun da daɗewa. A watan Nuwamban 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere ɗan jihar Delta ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da babu a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin duniya na Turanci. Har Shugaba Muhammadu Buhari ya buga masa waya. Abin da ya ja hankalin masu sharhi bayan nan shi ne salon 'yan Najeriya. Turawa sun saba farautar doguwar kalma don makin nan 50. Namu kuwa sukan gwammace gajeru, masu haruffa huɗu ko biyar, su toshe gidajen da ke ninka maki, su riƙe haruffa masu kyau, su bar abokin karawa yana zufa da doguwar kalmar da ba ta da wurin sauka. Dabarar 'yan dara ce ƙarƙashin inuwa: ba yawan ƙwaya ba, sanin inda za a ajiye ta. Jighere ya cancanci duk yabon da ya samu, amma yabon na hadda ne, da lissafi, da sanyin zuciya a gaban agogo.

Duk da haka ma'ana ba ta yarda a kore ta gaba ɗaya. A 2020 ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta Arewa ta cire kalmomin zagi da na wariyar launin fata sama da 200 daga jerinta, shekara guda bayan nan aka cire sama da 400 daga na Collins. Wasu gwanaye sun yi bore, suna cewa a kan allo kalma jerin haruffa ce kawai. Kamfanonin da ke sayar da wasan ga iyalai suka ƙi wannan hujja, kuma a ganin mai wannan shafi su ne da gaskiya, domin yaron da ke kallo ba maki yake karantawa ba.

Mai neman wasan da ke koyar da ma'ana, akwai shi, kuma ya girmi Scrabble. Ranar 21 ga Disamba 1913 Arthur Wynne ya buga wasan cike gurbin kalmomi na farko a jaridar New York World. A nan bayani ake ba ka, kai ka nemo kalmar da ta dace da shi kuma ta shiga akwatunan, kamar dai yadda kacici-kacici ke tafiya a dandali. Wanda bai san ma'ana ba, ko layi ɗaya ba zai cike ba. Wasan Wordle da Josh Wardle ya saki a 2021, jaridar New York Times ta saye a farkon 2022, yana tsakiyar biyun: haruffa biyar, gwaji shida, ba a tambayar ma'ana, sai dai amsoshinsa kalmomin yau da kullum ne, ba tarkacen ƙamus ba.

Malamin da ke da allon Scrabble a aji ba sai ya jefar da shi ba. Yana gyara rubutun haruffa, yana sa yaro tara lambobi da ka, yana nuna masa yadda ƙarin S ko ED ko UN ke sauya kalma. Abin da ya rage doka ɗaya ce ta cikin gida: ba a rubuta wa ɗalibi makinsa sai ya saka kalmar cikin jimla, abokan wasa sun duba ƙamus sun yarda. Wasan zai yi jinkiri, maki zai ragu, masu haddar QI da XU za su yi gunaguni a makon farko. Wanda ke son zama zakaran gasa sai ya bari sai bayan an tashi, ya shiga kulob, a buga masa da dokar Collins da agogo, minti 25 kowane ɓangare.