Waiwaye: Ranar da Janar Shinseki ya faɗa wa majalisa adadin sojan da ake buƙata

A ranar 25 ga Fabrairun 2003, saura ƙasa da wata guda Amurka ta afka wa Iraƙi, kwamitin harkokin soja na Majalisar Dattawan ƙasar ya zauna da manyan hafsoshi kan kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Ana cikin zaman sai Sanata Carl Levin na jihar Michigan ya dubi babban hafsan sojojin ƙasa, Janar Eric Shinseki, ya tambaye shi: idan an ci yaƙin, soja nawa za a buƙata don riƙe Iraƙi? Janar ɗin ya so ya kauce, ya ce wannan lissafi na kwamandan da zai jagoranci yaƙin ne. Levin ya matsa, ya ce to ko ƙiyasi ne a ba su. Nan ne Shinseki ya ce abin zai kai dubban ɗaruruwan sojoji. Ya kuma ba da dalili: ƙasa ce mai faɗi, akwai zaman doya da manja tsakanin ƙabilunta, kuma wanda ya karɓe ta shi zai tabbatar mutane sun ci abinci, ruwa ya isa gare su, an kwana lafiya.

Amsar ba ta ci minti biyu ba. Kwana biyu bayan nan mataimakin sakataren tsaro, Paul Wolfowitz, ya je gaban kwamitin kasafi na Majalisar Wakilai ya ce wannan ƙiyasi ya yi nesa da gaskiya matuƙa. A cewarsa, hankali ba zai ɗauka ba a ce sojan da za a riƙe ƙasa da su sun fi waɗanda za a ci ta da yaƙi yawa. Ya ƙara da cewa Iraƙi ba ta da tarihin rikicin ƙabilanci irin na Bosniya. Uban gidansa, sakataren tsaro Donald Rumsfeld, shi ma ya fito ya ƙaryata adadin.

Ya kamata a san wanda aka ƙaryata. Shinseki haifaffen Hawaii ne, jikan Japanawa, ya yi yaƙin Biyetnam, inda nakiya ta cire masa rabin ƙafa, kuma ya roƙa aka bar shi ya ci gaba da aikin soja. A 1997 shi aka ba jagorancin dakarun NATO da ke tsaron zaman lafiya a Bosniya. Can ya ga yadda tun farko sai da aka jibge soja kusan 60,000 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 4 ba don bindiga ta ci gaba da yin shiru. Iraƙi kuwa tana da mutum kusan miliyan 25. Masana a cibiyar bincike ta RAND sun daɗe da fitar da ma'aunin cewa irin wannan aiki yana buƙatar jami'in tsaro 20 ga kowane mutum 1,000, wato kusan rabin miliyan a ƙasa kamar Iraƙi. Tun 1999 ma, a ƙarƙashin Janar Anthony Zinni, rundunar da ke kula da yankin ta yi atisayen kan tebur na abin da zai biyo bayan faɗuwar Saddam Husaini, aka tsayar da adadi kusan 400,000. Saboda haka abin da Shinseki ya faɗa ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Yana cikin takardun ma'aikatar da ta ƙaryata shi.

Da aka tashi yaƙin a ranar 20 ga Maris, sojan Amurka da aka shiga da su ba su wuce 150,000 ba. A 1991, lokacin da aikin korar Saddam daga Kuwait ne kawai, Amurka ta kai sama da 500,000. Rumsfeld yana da aƙidarsa: runduna ƙarama, mai sauri, mai dogaro da jiragen sama da na'urori. A zancen cin yaƙi bai yi kuskure ba, domin ranar 9 ga Afrilu Bagadaza ta faɗi. Amma tambayar Levin ba kan cin yaƙi take ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani a talabijin. An wawashe ma'aikatu da asibitoci. An kwashe kayan tarihi kusan 15,000 daga gidan adana kayan tarihi na ƙasa, an ƙone babban ɗakin karatu na ƙasa da takardun ɗaruruwan shekaru a ciki. Ma'aikatar mai ce aka ga sojoji na gadi. Rumbunan makamai aka bar su a buɗe, har hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ba da rahoto a 2004 cewa kusan tan 380 na abubuwan fashewa sun ɓace daga sansanin Al-Ƙaƙa'a. Ba wanda ya tsare iyakokin Siriya da Iran. Sannan a ranar 23 ga Mayu, Paul Bremer, wanda aka naɗa ya mulki ƙasar, ya rusa rundunar sojan Iraƙi da alƙalami, ya sallami dubban ɗaruruwan mutane da suka iya bindiga ba albashi. Waɗanda za su cike giɓin, aka mayar da su abokan gaba.

Yawancin masu ba da wannan labari suna tsayawa a kan Rumsfeld da Wolfowitz, kuma sun cancanci zargin. Ni dai inda hankalina ya fi tsayawa shi ne kan majalisar kanta, domin ita tsarin mulkin Amurka ya ba ikon kafa runduna da ciyar da ita, har ya ce kuɗin da za a ware wa sojan ƙasa kada ya wuce na shekara biyu a lokaci guda, don dole a riƙa komawa gabanta. Kowace shekara majalisa ce ke rubuta a doka iyakar sojan da kowace runduna za ta riƙe, kuma doka ta wajabta wa ma'aikatar tsaro ta kawo rahoton yawan mutanen da take buƙata da hujjojinta. Wato ba a rasa doka ba, ba a rasa takarda ba, ba a kuma rasa mai faɗin gaskiya ba.

Abin da aka rasa shi ne lokaci da niyya. Majalisar ta riga ta ba Shugaba George W. Bush izinin yaƙi tun Oktoban 2002: wakilai 296 suka amince 133 suka ƙi, sanatoci 77 suka amince 23 suka ƙi. Levin yana cikin waɗanda suka ƙi. Wata huɗu bayan an miƙa izinin ne aka ji adadin a bainar jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a ƙarshen Fabrairu jiragen ruwa sun riga sun sauke dakaru a Kuwait. Duk da haka akwai sauran makonni uku. Babban hafsa ya faɗi adadi, manyan farar hula na ma'aikatarsa sun ƙaryata shi a fili, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta dubban ɗaruruwan mutane ce. Wannan ya isa a ce majalisa ta tsayar da komai ta nemi kowane ɓangare ya kawo lissafinsa a rubuce. Ba ta yi ba. Aka ɗauki abin a matsayin cacar baki tsakanin manya, jaridu suka yi kwana biyu a kai, aka wuce.

Me ya sa? Domin adadin yana ɗauke da wata magana da ba a son ji. A 2003 sojan ƙasa na Amurka masu aiki na dindindin kusan 480,000 ne, a manyan runduna goma, wasu suna Koriya, wasu Turai, wasu Afghanistan. Tun 1973 aka daina tilasta wa matasa shiga soja. Duk sojan da ke fagen daga kuma sai an sami wanda zai canje shi, da wanda ya dawo yana hutu. Ƙasar ba ta da dubban ɗaruruwan da za ta ajiye a Iraƙi shekara da shekaru. Duk wanda ya karɓi lissafin Shinseki, ɗayan uku ya rage masa: ya faɗaɗa runduna da kuɗi mai yawa, ya jira ƙawaye su kawo sojoji, ko ya haƙura da yaƙin. Ba zan ce ƙarin soja zai mayar da mamayar halal ba. Yaƙi ne da aka gina kan zargin makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba, kuma mutanen Iraƙi ne suka biya mafi tsadar farashi da rayukan da suka kai dubban ɗaruruwa. Amma wannan ma hujja ce: adadin gaskiya shi ne abu na ƙarshe da zai iya sa a dakata a sake tunani, shi ya sa aka yi saurin murƙushe shi.

Sauran hafsoshi kuma sun ga abin da ya sami abokinsu. Ba a kori Shinseki ba, kamar yadda wasu ke faɗa. Wa'adinsa ne ya cika a Yunin 2003. Sai dai tun fiye da shekara guda kafin nan aka tsegunta wa jaridu sunan wanda ake so ya gaje shi, kuma Rumsfeld bai halarci bikin sallamarsa ba. A jawabinsa na ban kwana ya yi gargaɗi kada a ɗora wa runduna goma aikin runduna goma sha biyu. Sakataren sojan ƙasa, Thomas White, wanda ya ƙi juya masa baya, ya rasa kujerarsa a watan Afrilu. Bayan haka, shekara uku ana tambayar kwamandoji ko suna buƙatar ƙarin soja, suna cewa abin da ke hannunsu ya isa.

Giɓin kuwa ƙananan sojoji ne suka cike shi da jikinsu. Aka riƙa hana waɗanda wa'adin aikinsu ya ƙare tafiya gida. Aka kwaso dakarun ko-ta-kwana, malaman makaranta da direbobi da 'yan sanda, aka tura su zagaye bayan zagaye. A Afrilun 2007 aka mayar da zaman fagen daga wata 15 maimakon 12. Kafin nan, a Nuwamban 2006, Janar John Abizaid, kwamandan yankin, ya amsa a gaban sanatoci cewa Shinseki ya yi gaskiya. A Janairun 2007 Bush ya sanar da ƙarin dakaru, waɗanda suka kai kusan 30,000, sabon sakataren tsaro Robert Gates kuma ya nemi a ƙara wa sojan ƙasa mutum 65,000. Majalisa ta amince, shekara huɗu bayan ranar da ya kamata ta yi wannan muhawara. Sojan Amurka kusan 4,500 suka mutu a Iraƙi.

Wannan labari ya shafe mu a Najeriya ta hanya guda tak, amma mai nauyi. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa Majalisar Tarayya kafa rundunoni da tanadar musu kayan aiki, ya kuma hana tura soja yaƙi a waje ba da yardar Majalisar Dattawa ba. A Agustan 2023 mun ga amfanin wannan, lokacin da sanatoci suka ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi kan Nijar. Amma a cikin gida, sojanmu suna Borno da Yobe, suna Zamfara da Katsina da Sakkwato, suna Filato da Binuwai, suna kudu maso gabas da yankin Neja Delta, suna aikin da rabinsa na 'yan sanda ne. Duk lokacin da aka kai wani mummunan hari, sai a gayyaci hafsoshi, a rufe ƙofa, a fito a ce an tattauna. Muhawarar kasafi kuma kusan kullum kan jirage da motoci da kwangila take ƙarewa.

Ina ganin ya kamata doka ta wajabta wa hafsoshin tsaro su kawo wa majalisa rahoto a rubuce kowace shekara, kafin a taɓa kasafi: ayyuka nawa aka ɗora musu, kowane aiki mutum nawa yake buƙata, nawa ne a ƙasa da gaske, wata nawa soja ke yi a daji kafin a canje shi. Abin da ya shafi sirrin yaƙi a karanta shi a ɗaki rufe, jimillar kuma a faɗa wa jama'a. Idan adadin hafsa ya saɓa da na minista, kwamiti ya kira su biyun a zama guda, kowa ya kare nasa, kuma dokar ta hana a taɓa muƙamin jami'i saboda amsar da ya ba majalisa.