Filin Mata: Yini Guda a Tsibirin Kanumfari

 

A cikin takardun da suka zo mana makon jiya akwai ta wata 'yar'uwa wadda maigidanta zai tafi Darussalam ta ƙasar Tanzaniya wajen aiki, ya ce za su tafi tare. In an gama aikin suna da yini guda na hutu, suna so su ƙetara zuwa tsibirin Zanzibar. An ba su shawara su ɗauki ɗan jagora nasu na kansu da mota, maimakon su shiga ayarin baƙi. Tana tambaya ko abin ya cancanci kuɗinsa, kuma me za ta nema ta gani. Na ga ya kamata in amsa mata a nan, domin da mai niyyar tafiya da wadda ke zaune a ɗakinta kowa ta ƙaru.

Da fari dai mu san wurin. Zanzibar tsibirai ne a cikin Tekun Indiya, gabas da Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja shi ne wanda baƙi suka fi zuwa, tsawonsa kamar kilomita 85 ne, faɗinsa bai kai rabin haka ba. Daga Darussalam jirgin ruwa mai sauri kan yi wajen sa'a biyu. Tun 1964 tsibiran suka haɗu da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Yawancin mutanen Musulmi ne, harshensu Suwahili, saboda haka mayafinki da zanenki ba za su zama abin kallo ba. Har ma za ki ji kalmomin da kunnenki ya saba da su, gama su ma sun aro daga Larabci kamar mu. Labari su ce habari, asuba su ce asubuhi, sabulu su ce sabuni, kanumfari kuwa karafuu.

To, mene ne amfanin ɗan jagora na kanki? In kin shiga ayari, an riga an yanke inda za a je da minti nawa za a tsaya, in mota ta yi ƙaho kowa ya ruga. In kuwa ku ne kuka ɗauki mutum, yinin naku ne. Ku tsaya salla a kan lokaci, ku huta in yaro ya gaji, ki yi tambaya har ki gamsu. Kuɗinsa ya fi na ayari, babu shakka. Wadda ta biya wannan kuɗi kuma ta zauna a bayan mota ta yi gum tun safe har yamma, maigida da ɗan jagora suna ta hira a gaba, ta yi asarar rabinsa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kan tambaya ake biyan ɗan jagora, sai ki ci moriyar kuɗinki.

Kafin a shiga mota akwai maganganun da za a gama tun daren jiya. Ku nemi wanda ke da lasin daga hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar, ku ga katinsa da idonku. A bakin tashar jirgin ruwa samari kan yi wa baƙo caa, kowa na cewa shi ne ya san gari, mutanen wurin na kiransu papasi, watau kaska, kun dai ji sunan. Ku ji farashi wuri biyu ko uku. Sa'an nan a rubuta a takarda abin da kuɗin ya ƙunsa: mota da mai, kuɗin shiga wurare, abincin rana, da lokacin dawowa. Abin da ba a rubuta ba shi ke kawo cacar baki da yamma, an gaji, ga shi a ƙasar mutane. In kin fi sakewa da mace, ki ce mace kike so, akwai mata masu wannan sana'a. Ki faɗa tun da wuri a nemar miki inda mata ke salla. Ki kuma sani cewa wasu 'yan jagora suna da la'ada a kantunan da suke kai baƙi. Wannan ba laifi ba ne in an yi shi a fili, amma ba dole ki sayi kome ba don kunya.

Ga wani abu da ke rikita baƙo, shi ne agogo. Masu Suwahili suna fara ƙidayar sa'o'i daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe a wurinsu sa'a ɗaya ce, ƙarfe 8 sa'a biyu, tsakar rana sa'a shida. In direba ya ce zai zo saa mbili, ƙarfe 8 na safe yake nufi. Ki nuna masa a fuskar agogo ku daidaita. Jirgin ƙarshe mai komawa Darussalam da la'asar yake tashi, don haka in da hali ku kwana a tsibirin, kada yinin ya ƙare a duban agogo. Kada kuma ku mance da katin rigakafin shawara, ana tambayar wanda ya fito daga ƙasashenmu.

Yanzu sai inda za a je. Za a lissafa muku wurare bakwai ko takwas, a ce duk za a zaga. Kada ku yarda, sauri ya haifi nawa. Wurare uku sun isa yini guda, in da sauran lokaci a ƙara na huɗu a hanya.

Ku fara da tsohon birni da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ana ce masa Birnin Dutse, domin da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina gidajensa, kuma tun shekara ta 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa ƙunci gare su, mota ba ta shiga, wadda ta san cikin birnin Kano ko Zariya za ta ji kamar gida. Kowane gida da dakalinsa a ƙofa inda maza ke hira. Ki lura da ƙyamaren katako masu sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da manyan ƙusoshin tagulla irin na Indiyawa. A bakin teku akwai wani dogon gida da Sarki Bargash ya gina a 1883, ana kiransa Gidan Al'ajabi domin shi ya fara samun lantarki a tsibirin. Wani sashe nasa ya rushe a watan Disamba na 2020.

A nan ki tambayi labarin Sayyida Salme, 'yar Sarki Sayyid Sa'id, wadda aka haifa a 1844. A zamaninta ana koya wa 'yan mata karatu amma ba a koya musu rubutu, sai ta riƙa kwaikwayon haruffa a ɓoye a kan ƙashin kafaɗar raƙumi, shi ne allonsu. Daga baya ta auri wani Bajamushe ta bar ƙasar, ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a Jamus a 1886. Har yau masu neman sanin yadda matan fadar suka zauna littafinta suke dubawa. Ku 'yan makaranta da ake sayo muku alƙalami da littafi, ku riƙe wannan.

Akwai wuri ɗaya a birnin da wasu baƙi kan ce a wuce da su, ni kuwa na ce kada ki wuce. Shi ne tsohuwar kasuwar bayi. Daga can cikin Afirka ta Gabas ake koro mutane, maza da mata da yara, a ƙetaro da su a sayar. A 1873 aka rufe kasuwar bisa matsin Ingila, aka gina babban coci a filin. Za a nuna miki ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, masu duhu, da ƙyar mutum ke miƙewa tsaye a ciki, da wasu siffofin mutane na dutse a cikin rami, an ɗaure wuyansu da sarƙa. Ki tsaya ki saurara da natsuwa, ba wurin raha da ɗaukar hoto ana dariya ba ne. Mu ma ƙasarmu ta san cinikin bayi, an yi shi a kasuwanninmu. Yaran da ke tare da ke su ji wannan daga bakinki.

Daga nan sai gonakin kayan yaji, tafiya kaɗan ce a mota daga birni. A nan uwargida za ta fi kowa jin daɗi, gama abin da ta saba gani a ƙulle cikin leda za ta gan shi a jikin itacensa. Kanumfari itace ne dogo mai ganye shar. Abin da muke dakawa a yaji da kunu da shayi tohon furensa ne, ana tsinkarsa da hannu kafin ya buɗe, lokacin da ya fara ja, a shanya a tabarma 'yan kwanaki har ya yi baƙi. In aka bari ya buɗe, darajarsa ta faɗi. Kirfa ɓawon itace ce, ana ɓare ta a shanya ta naɗe kanta. Citta da kurkum saiwa ne, a gabanki za a tono. Ki sansana, ki ɗanɗana, ki tambaya yadda ake gane mai kyau. Kanumfari mai kyau kansa na nan bai karye ba, in kin danna shi da farce sai ki ga alamar mai.

Ki tambaya kuma wa ya dasa itatuwan fari. A farkon ƙarni na 19 aka kawo irin, Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya ƙarfafa nomansa, har ya maido da fadarsa Zanzibar. Bayi ne suka yi aikin gonakin, ga dalilin da ya sa na ce a fara da kasuwar. A 1872 wata guguwa mai ƙarfi ta kwantar da yawancin itatuwan Unguja, tun daga sa'an nan Pemba ta shige gaba a noman kanumfari. Samarin da ke hawa itacen kwakwa su sauko muku da ita, da masu saƙa muku kwando da ganye, tukuici suke jira. Ki tanadi canji na sulen Tanzaniya, ki ba su da fara'a.

Wuri na uku shi ne gaɓar gabas, wajen ƙauyen Paje. Mu da muka tashi nesa da teku sai an yi mana bayani: ruwan teku kan cika ya janye sau biyu a yini, kuma lokacin na matsawa da kusan minti 50 kowace rana. A gaɓar gabas in ya janye yakan yi nisa ƙwarai, ya bar farin rairayi fetal. A lokacin ne mata ke shiga gonakinsu na cikin ruwa. Tun 1989 suka fara noman wata ciyawar teku da suke kira mwani. Suna kafa turaku, su ja igiya, su ɗaura 'yan yankan ciyawar, bayan kamar mako shida su girbe su shanya. 'Yan kasuwa na saye su kai ƙasashen waje, inda ake fid da wani abu mai kauri da ake sa wa a man goge baki da abinci iri iri. Wasu matan sun haɗa kai suna yin sabulu da man shafawa da ita. Aiki ne mai wuya, a sunkuye cikin ruwan gishiri da rana, kuɗin kuma ba yawa, ga ɗumamar ruwa na sa ciyawar ciwo. Duk da haka da shi mata da yawa suke biyan kuɗin makaranta da gyaran ɗaki. In kika isa ruwa a cike ba za ki ga kowa ba, don haka ki sa ɗan jagora ya duba lokacin janyewar ruwa, in ya kama a juya tsarin yinin a fara da Paje, a juya. Ki gaishe su, ki nemi izini kafin hoto, in suna da sabulu ki saya daga hannunsu.

A kan hanyar Paje akwai kurmin Jozani, inda ake ganin wani jan biri da babu irinsa a wata ƙasa sai Zanzibar. Abin mamaki, yakan ci gawayi, masana sun ce don ya kashe dafin ganyayen da yake ci. Ba a ba shi abinci, ba a taɓa shi. Sa'a guda ta isa a nan.

In kun kwana, bayan magariba ku je lambun Forodhani a bakin teku, inda ake gasa kifi ana matse rake da citta da lemon tsami. Ki ji farashi kafin a zuba miki, ki zaɓi abin da aka gasa a gabanki. Daga watan Maris zuwa Mayu ruwan sama ya fi yawa, da azumi kuma gidajen abinci da yawa a rufe suke da rana, mai shirin tafiya ta lura.

Ku 'yan makaranta, ku dubi wannan sana'a ta jagora da kyau. Jarinta tarihi da labarin ƙasa da harsuna da iya magana da mutane. Baƙuwar da ta zo ganin marinar Ƙofar Mata a Kano, ko Gobarau a Katsina, ko fadar Damagaram, ita ma za ta so ta sami mace mai ilmi da za ta zaga da ita. Ku fara da garinku: ku tambayi kakanninku sunan kowace ƙofa da dalilinsa, ku rubuta a littafi.

Wadda ta taɓa yin irin wannan tafiya ta rubuto mana abin da ta gano, mu buga don 'yan'uwa su amfana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.