Raddi Ga Masu Cewa Madama Butterfly Waƙa Ce Kawai

Duk lokacin da matan Asiya suka koka da yadda ake nuna su a wasannin opera na Turai, sai masu kare wasannin su fito da hujjojin da suka saba: wai waƙa ce ba littafin tarihi ba, wai mawallafin tausayin matar yake ji, wai ai duk matan opera mutuwa suke yi. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa da waƙa daga farko har ƙarshe, makaɗa na rakiya, kuma a Italiya aka ƙirƙiro shi wajen shekarar 1600. Ina son kiɗan Giacomo Puccini, ba na kuma jayayya da gwanintarsa. Jayayyata da hujjojin nan ce, domin idan aka auna su da abin da ke cikin wasannin ba sa tsayuwa.

A ranar 17 ga Fabrairu, 1904, aka fara nuna wasansa Madama Butterfly a gidan wasa na La Scala da ke Milan. Tauraruwar wasan, Cio-Cio-San, yarinya ce 'yar shekara 15 a Nagasaki. Pinkerton, hafsan sojan ruwan Amurka, ya kama hayar gida a kan tudu na shekara 999, da sharaɗin zai iya fasawa a kowane wata, kuma haka ya ɗauki auren. Tun amarya ba ta iso ba ya ɗaga kofi gaban ƙaramin jakadan ƙasarsa, Sharpless, yana fatan ranar da zai auri Ba'amurkiya. Ita kuwa ta bar addinin iyayenta dominsa, kawunta ya tsine mata, dangi suka juya mata baya. Shekara uku tana jiransa da ɗan da ta haifa masa. Da ya dawo, da sabuwar matarsa Kate ya dawo, sun zo karɓar yaron. Sai ta ɗaure wa yaron idanu, ta sa masa 'yar tutar Amurka a hannu, ta kashe kanta da wuƙar mahaifinta.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Pinkerton ne mugun labarin, don haka wasan tona asirin mulkin mallaka yake yi. Na yarda mugu ne. Amma mu bi sawun labarin mu ga yadda aka yi ta sassaƙa matar. A littafin Pierre Loti na 1887, Madame Chrysanthème, da baƙon ya zo sallama ya tarar da matar tana ƙirga kuɗin da ya ba ta, tana ƙwanƙwasa su don ta tabbatar ba jabu ba ne. A gajeren labarin John Luther Long na 1898 ta yi yunƙurin kashe kanta amma ta rayu, ta gudu da ɗanta. David Belasco ne ya kashe ta a wasansa na 1900, wanda Puccini ya kalla a Landan. Kowane mataki sai an rage mata wayo an ƙara mata biyayya, har aka kai ga gawa. Shi kuwa Pinkerton gyara shi aka yi ta yi. Bayan wasan ya sha ihu a daren farko, Puccini ya sake fitar da shi a Brescia a watan Mayu na wannan shekarar, ya ƙara wa Pinkerton waƙar nadama mai ratsa zuciya. Idan labule ya sauka, yana da ransa, da matarsa, da yaron. Wane irin tonon asiri ne wannan, da mai laifi ke tafiya da komai, wadda aka zalunta kuma ake yabonta saboda ta iya mutuwa cikin ladabi?

Sai su ce ai Tosca ma ta mutu, Carmen ma, Violetta ma. Gaskiya ne, kuma marubuciyar Faransa Catherine Clément ta yi littafi guda a kan haka a 1979. Amma Tosca sai da ta soke azzalumin shugaban 'yan sanda Scarpia kafin ta mutu. Kuma Baturiya tana da siffofi da yawa a dandamalin: Rosina da Susanna suna cin galaba da dabara, Leonore ta shiga kurkuku da kayan maza ta ceci mijinta. A duba rabon matar Asiya. Lakmé ta Léo Delibes, a 1883, 'yar limamin Hindu ce da ta so hafsan sojan Ingila, da ta ga zai koma bakin aikinsa sai ta ci zaƙami ta mutu. Iris ta Mascagni, a 1898, 'yar Japan ce da aka sace aka kai gidan karuwai, ta faɗa rami. Liù, baiwa a cikin Turandot na 1926, ta soke kanta don kada ta faɗi sunan yariman da bai ma kula da sonta ba. Har a 1989, a Miss Saigon, Kim 'yar Biyetnam ta harbe kanta don sojan Amurka ya tafi da ɗansu. Wadda ba ta mutu ba ita ce gimbiya Turandot, mai sa a fille kan duk manemin da ya kasa amsa tambayoyinta uku, ita ma sumba ɗaya ta ƙarfi ta narkar da ita. Sama da shekara ɗari, kusan siffa biyu ake juyawa: mai mutuwa don namiji, ko mai kisa da ke jiran namijin da zai hore ta.

Batun wai zamanin Puccini ne ya zo da haka bai buƙatar dogon raddi. A watan da aka fara nuna Madama Butterfly ne Japan ta shiga yaƙi da Rasha, ta kuma ci ta a 1905. A 1900 Tsuda Umeko ta kafa makarantar ilimi mai zurfi ta mata a Tokyo. A 1904 Yosano Akiko ta wallafa waƙar da take roƙon ƙanenta kada ya mutu a wannan yaƙin, ta sha suka ba ta janye ba. Irin waɗannan mata suna raye a zamanin. Puccini bai taɓa taka ƙasar Japan ba, kuma labarin da ya zaɓa shi ne wanda 'yan kallonsa ke son ji.

Waƙa ce kawai? Mu da aka rubuta littafin Mister Johnson a kan ƙasarmu a 1939 mun san illar a ba da labarinka alhali kana zaune. A Amurka, dokar Page ta 1875 ta toshe wa matan Sin hanyar shiga ƙasar bisa zargin karuwanci. Ba opera ce ta rubuta dokar ba, amma zaton da ya haifi dokar shi ne aka ɗora wa kiɗa mai daɗi, kuma abin da aka rera wa mutum ya fi zama masa a zuciya.

Saura hujjar cewa mutanen Asiya ma suna son wasannin. Haka ne, Tamaki Miura ta yi suna da rera Butterfly tun 1915, mutum-mutuminta na tsaye a Nagasaki, kuma an yi Turandot a tsohuwar fadar sarakunan Beijing a 1998, Zhang Yimou ya ba da umarni. Amma mawaƙiya ƙofar da aka buɗe mata take bi, kuma har yau mawaƙan Asiya mata na kukan cewa wannan rawar ce aka fi kiransu a kai. Idan kuma muryar Asiya za a saurara, a saurare ta duka: David Henry Hwang, Ba'amurke ɗan asalin Sin, ya rubuta M. Butterfly a 1988 don ya rusa wannan mafarki, ya kuma ci kyautar Tony.

Ba na cikin masu cewa a hana wasan. A 2023 kamfanin opera na Boston ya ba Phil Chan jagorancin Butterfly, ya mayar da labarin San Francisco ta shekarun 1940, lokacin da aka tsare Amurkawa 'yan asalin Japan a sansanoni, kuma da kiɗan Puccini aka yi shi. Masu gidajen opera su gaya wa 'yan kallo a fili cewa yarinyar shekararta 15, su daina shafa wa mawaƙa fenti suna ja musu idanu, su kuma biya marubuta da makaɗa mata na Asiya su rubuta nasu wasannin.