Ƙwallon Lambu Ba Sai Da Lambu Ba

Duk sa'ad da aka ambaci wasan golf, wanda 'yan jarida suka raɗa wa suna ƙwallon lambu, ko a zauren ɗalibai ne ko a inuwar da ƙananan ma'aikata kan zauna bayan an tashi daga ofis, abin da kan biyo baya shi ne dariya da taɓe baki. Wani ya ce wasan Turawa ne. Wani ya ce na manyan 'yan boko ne da tsofaffin hafsoshi waɗanda suka ƙoshi suka rasa abin yi. Mu ma da haka muka ɗauke shi, kuma ba ƙaramin ba'a muka yi wa masu yinsa ba. To, amma gani ya kori ji.

A hutun da ya wuce, bayan an kawar da amfanin gona, mu huɗu 'yan Daura muka sami tsohuwar sandar golf guda ɗaya wadda wani abokinmu ya sayo a gwanjo a Kano, da ƙwallaye uku da suka sha jiki. Muka fita bayan gari, muka nemi izinin mai gona, muka haƙa rami muka binne gwangwanin tumatir, muka kafa kara muka ɗaura masa tsumma. Ranar farko iska muka yi ta duka. Wani dattijo da ya zo wucewa a kan jaki ya tsaya ya dube mu, ya ce, "Samari, in kaftu kuke koyo ga fartanya a gida." Kafin mako biyu mun fara ɗaga ƙwallo sama, yaran unguwa kuwa sun fi ashirin suna layi kowa yana jiran a ba shi ya gwada. Abin da muka gani a gonar nan shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Ra'ayinmu shi ne wasan nan ya dace da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, kuma ƙasar Daura tana iya samun filinsa ba tare da an zuba wa ciyawa ko bokiti ɗaya na ruwan da jama'a za su sha ba.

Bari mu fara bayyana wasan ga wanda bai san shi ba. Cikakken fili yana da ramuka 18, ƙarami kuwa 9. Faɗin bakin kowane rami milimita 108 ne, ƙwallon kuma nauyinta bai wuce giram 46 ba. Ɗan wasa yakan tashi daga nesa, wani lokaci mita 150, wani lokaci fiye da 400, ya yi ta bugun ƙwallonsa har ta faɗa rami, yana ƙirga kowane bugu. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A yawancin manyan filaye ana sa ran gwani ya gama ramuka 18 da bugu 72 ko kusa da haka, alhali sabon shiga yakan wuce 100 ba tare da ya ji kunya ba.

A nan daɗin abin yake ga mai yi don sha'awa. Abokin karawarsa na farko shi ne kansa na makon jiya. Wanda ya gama da 112 a watan jiya, yau ya gama da 104, zai koma gida yana murna ko da shi ne na ƙarshe a cikin abokansa. Babu mai tare shi, babu mai ƙwace masa ƙwallo, babu mai tsaron gida da zai ɗora wa laifi. Ƙwallo tana zaune wuri ɗaya tana jiransa, in ya kuskure shi ya kuskure. Mun lura cewa duk wanda ya zo da ƙarfi da gaggawa, ƙasa yake tonowa. Sai ya koyi tsayuwa, da sassauta riƙo, da barin ido a kan ƙwallo, sannan wata rana ya ji sanda ta same ta a tsakiya, ta tashi ta miƙe kamar an ja zare. Bugu ɗaya irin wannan a cikin hamsin ya isa ya komo da mutum fili gobe. Yau da gobe ai ita ke sa allura ginin rijiya.

Abu na biyu shi ne tsarin rangwame, wanda masu wasan ke kira handikaf. Ana duba sakamakon mutum na baya a ba shi adadin bugun da za a ɗebe masa, gwargwadon rauninsa. Tun shekarar 2020 aka haɗa tsarin ya zama iri ɗaya a duniya, kuma iyakar rangwamen 54 ne. Misali, ɗalibi mai rangwamen 24 ya gama da 95, sai a rubuta masa 71. Babban sakatare mai rangwamen 6 ya gama da 79, sai a rubuta masa 73. Ɗalibi ya ci ke nan, kuma dole maigida ya miƙa masa hannu. Ku gaya mana, jama'a, a wane fage ne kuma a ƙasar nan akawu zai kara da shugaban ma'aikatarsa a kan ƙa'ida ɗaya, ko ɗan shekara 18 da ɗan shekara 70, kowa da damar cin nasara?

Abu na uku, wanda ya fi damunmu mu da za mu riƙe ofisoshi gobe, shi ne amana. A wasan yau da kullum babu alƙali mai usur. Kowa shi ke faɗin yawan bugunsa, shi ke kuma yanke wa kansa tara in ya karya doka. A gasar Amurka ta 1925, Bobby Jones, wanda bai taɓa mai da wasan sana'a ba a duk shekarun da ya yi yana gasa, ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa sa'ad da yake shirin bugu. Ya ƙara wa kansa bugu ɗaya na tara, ko da yake alƙalai ba su ga motsin ba. Ƙarshenta aka yi kunnen doki, aka sake karawa, ya rasa kofin. Saurayin da ya saba rubuta 7 a takardarsa alhali yana iya rubuta 6 ba wanda zai sani, muna kyautata zaton in an ba shi littafin kuɗin ƙaramar hukuma hannunsa zai yi nauyi wajen sauya lamba.

Kallon wasan ma yana da nasa daɗin, amma sai wanda ya taɓa riƙe sanda yake gane shi. Da can in muka ci karo da shi a talabijin sai mu sauya tasha. Yanzu da muka san wuyar jefa ƙwallo rami daga taku uku, mukan yi tsit muna kallon ƙwararre yana auna gangaren ƙasa da kaɗawar iska. A watan Afrilu na 2025 Rory McIlroy ya ci gasar Masters bayan ya yi shekara goma sha ɗaya bai ci ko ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu ba, ya durƙusa yana kuka. Duk ɗalibin da ya taɓa maimaita jarrabawa ya san abin da mutumin nan ya ji.

To, sai mu juya ga masu suka, domin maganarsu ba ta rasa gaskiya. Haƙiƙa Turawan mulki ne suka kawo wasan, suka kuma ajiye shi a unguwanninsu. Kulob ɗin Rayfield na Jos yana ƙirga shekarunsa daga 1913, na Kaduna daga 1921, ga kuma na Kano da na Zariya. A zamanin nan ɗan ƙasa ba ya shiga sai dai ya ɗauki jakar sanduna. Da Turawa suka tafi manyanmu suka gaji filayen, har da ƙofar da mai gadinta. Amma wannan laifin masu ƙofa ne. Ƙwallon ƙafa ma baƙuwa ce, ga ta nan a kowane lungu. Wasan folo ma baƙo ne, amma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya gwanance a kansa har sunansa ya kai ƙasashen waje. Yau wa zai ce folo ba na Katsinawa ba ne?

A can Sikotilan ma, inda golf ya samo asali, a filin kiwo na bakin teku aka fara shi, inda ƙasa rairayi ce ba ta nomuwa, tumaki ne ke rage ciyawa. Jama'a sun ɗauke shi da zafi har a 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi, don ya shagaltar da mutane daga koyon harbin baka. Tsohon filin St Andrews, wanda aka tsai da ramukansa 18 a 1764, har yanzu na jama'a ne, kuma yawancin ranakun Lahadi akan rufe wasa mutanen gari su shiga yawo. A 1913 kuwa Francis Ouimet, ɗan talaka mai shekara 20 wanda ya taso yana ɗaukar wa masu kuɗi jaka, ya doke Harry Vardon da Ted Ray, manyan ƙwararrun Ingila, ya ci gasar Amurka.

Suka ta biyu ita ce tsada. Gaskiya ne sabuwar jaka cike da sanduna ta fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Sai dai doka cewa ta yi kada mutum ya ɗauki fiye da sanduna 14, ba ta ce sai ya mallaki 14 ba. Sabon shiga sanda uku sun ishe shi: ta nesa, ta kusa, da ta turawa rami. Ƙungiyar ɗalibai da ke iya sayen rigunan ƙwallon ƙafa kowace shekara ba za ta kasa sayen tsofaffin sanduna goma ta ajiye a riƙa ara ba.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, watau ruwa da ƙasa, kuma a nan muna tare da masu sukar ɗari bisa ɗari. Daura gari ne da labarin kafuwar sarautarsa ma a kan ruwa yake. Kowane yaro ya san rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Damina a nan wata huɗu ce in ta yi kyau. Duk wanda ya zo da shawarar a jawo ruwan madatsar Sabke ko ta Daberam a shayar da koren fili don mutum hamsin su yi wasa, alhali mata da yara suna bin 'yan garuwa, to, mu ne farkon masu tsaya masa a gaba. Haka kuma ba mu yarda a karɓe gonar kowa ba.

Amma ƙwallon lambu ba sai da lambu ba. Tsofaffin filayen ƙasar nan da yawa ba da koriyar ciyawa suka fara ba. Kewayen rami rairayi ne da ake cakuɗawa da mai a daddale shi, a riƙa share shi bayan kowane rukuni ya wuce. A kan irin wannan aka yi shekaru ana gasar Nijeriya a Ikoyi ta Legas, wadda Sandy Lyle ya ci a 1978, Peter Tupling kuma ya gama zagaye huɗu da bugu 255 a 1981, abin da ya zama tarihi a duniya a lokacin. Mu ba ma ma bukatar baƙin mai, wanda ke ɓata ƙasa. Iyayenmu mata sun san daɓe tun kafin zuwan siminti. A daɓe kewayen rami, a tankaɗe rairayi a shimfiɗa a kai, shi ke nan. Ɗan wasa ya riƙe guntun tabarmar roba ya ɗora ƙwallo a kai in zai buga daga tsakiyar fili.

Saboda haka ga roƙonmu ga Majalisar Masarautar Daura, da ƙananan hukumomin Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure, da manyan makarantun da aka kafa a garin. A ware fako ko tudun da ba a nomawa, a fitar da ramuka 9, ko 6 ma sun isa a fara. Kada a kewaye shi da katanga, kada a sare ko bishiya ɗaya, a bar dabbobi su yi kiwonsu da hantsi. Kuɗin shiga ya zama abin da ɗalibi zai iya biya daga guzurinsa. Yaron da ya ɗauki jaka a ba shi rana ɗaya a mako ya buga kyauta. A keɓe wa 'yan'uwanmu mata lokacinsu, tun da wasa ne da babu gogayyar jiki a cikinsa, kuma ba ya hana mace suturarta. Ramuka 9 ba su wuce awa biyu ba, watau daga la'asar zuwa magariba, tafiyar kilomita uku ko huɗu a ƙasa. Ma'aikacin da ya wuni a kujera ya fi kowa bukatar wannan tafiya.

Mu kuma ɗalibai kada mu zauna jiran hukuma. Gwangwaninmu yana nan inda muka binne shi, mai gona kuma ya ce mu ci gaba har ruwan shuka ya sauka. Wanda duk ya zo hutu gida, ya neme mu bayan sallar la'asar, ya zo da takalmin da ba ya tsoron ƙarangiya. Sandar guda ce har yanzu, sai a bi layi. Allah ya sa mu dace, amin.