Sharhi: Ribar Kifin Teku A Mubi Tana Cikin Ƙanƙara

Sanin kowa ne cewa tsakanin Mubi da tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko akwai tafiyar sama da kilomita 1,000. Duk da haka, kifin teku ya samu gindin zama a tukunyar mutanen garin, musamman tun lokacin da rikicin Boko Haram ya gurgunta cinikin bandar Baga.

Kifayen da aka fi sani su ne taitus da kote da shawa, waɗanda akasari daga ƙasashen waje ake shigo da su. Akwai kuma wani ɗan faffaɗan kifi mai launin azurfa, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan man shanu, da ake kamawa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Dukansu hali ɗaya gare su: da zarar ƙanƙara ta saki, sai jari ya bi ruwa.

Farashinsu a bakin teku ya fi ƙarfin ɗan kasuwar Mubi. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sanya kifi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin musaya na gwamnati, bai ɗage hanin ba sai a Oktoban 2023, bayan darajar naira ta riga ta zube. Abin da ke hannun ɗan kasuwa shi ne kuɗin dako da na ajiya.

A nan ne dabara take. Motar sanyi da ta kawo kifi, idan ta koma kudu wayam, mai kifi ne ke biyan zuwa da komawa. Alhali Mubi na da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, kuma da ransu ake loda shanun, suna ramewa a hanya. Da za a yanka su a nan, motar ta koma da nama, da an raba kuɗin dako gida biyu.

Wannan na bukatar mayanka mai tsabta da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, abin da ya fi ƙarfin mutum guda. Don haka ya kamata dillalan kifi da fataken shanu da mahauta su haɗa jari, tun kafin wani daga nesa ya riga su.