Yaro na ji amma ba ya amsawa: iska ce ko otizim?

A Gwandu da Kalgo, yaron da ya shekara biyu bai fara magana ba, ko waiwaye ba ya yi in an kira shi, akan ce miskilanci ne ko taɓin iska. Alhali yana iya zama otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga.

Binciken Marcel Just na 2004 a Amurka ya nuna cewa a masu lalurar, sassan ƙwaƙwalwa masu fassara magana ba sa aiki tare yadda aka saba. Kunne na ji, haɗa ma'anar ce wahala.

Don haka tsawa da hayaƙi ba sa buɗe bakinsa. Gara a kai shi wurin likitan yara a Birnin Kebbi da wuri, a gida kuma a riƙa yi masa magana a gajarce, ana nuna masa abin da ake nufi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.