Bilicin: Ciwon Ba A Fata Yake Ba

Yau ina so mu duba wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, watau shafe-shafen mai domin sauya launin fata, abin da ake kira bilicin.

Tun a shekarar 2011 wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da irin wannan mai. A 2023 kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ce abin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa. Likitoci sun sha gaya mana cewa wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu kuwa suna cinye fata har in an ji rauni ya ƙi warkewa da wuri. Duk mun ji wannan. To, me ya hana a bari? Ni a ganina gargaɗin yana tsayawa ne a kan fata, alhali ciwon yana can cikin zuciya.

Akwai wani likita da ya yi nazari mai zurfi a kan irin wannan ciwo, sunansa Alfred Adler. An haife shi a 1870 a gefen Biyena, babban birnin Ostiriya. Ya tashi da ciwon laushin ƙashi, yana zaune yana kallon wansa lafiyayye yana guje-guje, kuma yana ɗan shekara biyar ciwon huhu ya kusa kashe shi. Wannan ne ya sa ya ƙudura sai ya zama likita, ya kuwa zama a 1895. Ya yi zama da shahararren masanin nan Sigmund Freud daga 1902, amma suka raba gari a 1911, domin shi Adler yana ganin ba sha'awar jiki ce babbar abin da ke tura ɗan Adam ba.

Abin da ya ce shi ne, kowane yaro yakan buɗe ido ya ga kansa ƙarami, marar ƙarfi, a tsakiyar manya. Saboda haka jin cewa ban kai ba, ba aibi ba ne, shi ne ma ke sa yaro ya yi rarrafe, ya miƙe, ya koyi karatu da sana'a. Inda gizo ke saƙar shi ne in abin ya yi wa yaro yawa har ya fid da rai. Adler ya ambaci yara iri uku da suka fi shiga wannan hali: mai wata naƙasa a jiki, da wanda aka sangarta, da wanda aka yi watsi da shi. Irin wannan yaro in ya girma, ko dai ya zama mai raina kansa, ko ya rufe raunin da taƙama da nuna isa. Ya kuma lura cewa inda ake fifita namiji ana ƙasƙanta mace, 'ya mace takan tashi da kaya biyu a kanta.

Yanzu ki dubi gidajenmu, 'yar'uwa. Baƙuwa ta shigo, ta ɗauki farar yarinya tana cewa tubarkalla, ta dubi ƙanwarta ta ce, “Ita wannan wa ta biyo?” Ana dariya, uwa ma tana taya su. Mu mun manta kafin magariba, ita kuwa ta riƙe. Ta girma tana jin ana yabon amarya da cewa fara ce tas, ta buɗe waya ta ga hotunan da aka wanke da na'ura. In ta kai shekara goma sha biyar ta sayi mai a ɓoye, wa ya fara aika ta kasuwa?

Maganin da Adler ya bayar shi ne abin da ya kira kishin jama'a, watau mutum ya ji shi ɗan cikin mutane ne, kuma yana da abin da zai amfane su da shi. Ya ce ana gane lafiyar zuciya ta abubuwa uku: aiki, da zama da jama'a, da zaman aure. Bai tsaya a baki ba, bayan Yaƙin Duniya na Farko ya buɗe wuraren ba iyaye da malamai shawara kan tarbiyyar yara a makarantun Biyena, har gwamnati ta rufe su a 1934. Ya rasu a 1937. Ba duk maganarsa ce ta tabbata ba. Ra'ayinsa cewa zama ɗan fari ko auta shi ke tsara halin mutum, manyan bincike na baya ba su goyi bayansa sosai ba. Amma batun raina kai na gani da idona.

Na taɓa samun wata yarinya a ajina, kullum tana kujerar baya, ta ja mayafi ta rufe fuska saboda sunan tsokana da aka laƙaba mata. Ban yi mata wa'azin kyau ba. Na lura ta iya lissafi, sai na ɗora mata koya wa yara uku da suke baya. Kafin ƙarshen zango ita ke fara ɗaga hannu.

Saboda haka iyaye mata, mu daina auna 'ya'yanmu da juna, mu kuma hana baƙi yi a gabanmu. Ki yabi ƙoƙarin 'yarki, ki ba ta aikin da za ta ga amfaninsa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma 'yan makaranta, kafin ki ba da kuɗin tararki a sayo miki mai, ki tambayi kanki maganar wa kike son gogewa. Wadda ta riga ta fara, ta je asibiti a duba ta, kada ta ji kunya.

Hukuma za ta iya kwashe mayukan daga kasuwa, amma bakinmu mu kaɗai za mu iya tsare shi. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.